Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Darasi Daga Tasowar Kendrick Lamar

A watan Afrilun shekarar 2018, kwamitin lambar yabo ta Pulitzer, wanda ke da mazauni a Jami'ar Kolombiya ta ƙasar Amurka, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka fara ba da lambar a fannin kiɗa a 1943. Shekara 75 ke nan lambar ba ta fita daga hannun masu tsara kiɗan gargajiyar Turai da na jaz ba. A wannan shekarar sai ta faɗa hannun wani mawaƙin gambarar zamani, wato hip-hop, ɗan shekara 30, wanda karatunsa na boko ya tsaya a sakandare. Sunansa Kendrick Lamar.

Labarin lambar ya zaga duniya a lokacin, an kuma yi rubuce-rubuce a kansa har an gaji. Abin da filin namu zai duba a wannan mako shi ne hanyar da ta kai mutumin can, musamman shekarun da ba wanda ya san da zamansa in ban da 'yan unguwarsu. A cikin waɗannan shekaru akwai wata rana da nake ganin ta fi ranar Pulitzer nauyi a tarihinsa, ita ce ranar ƙarshe ta watan Disambar 2009, ranar da ya fitar da waƙoƙi a karon farko da sunan da iyayensa suka raɗa masa, bayan ya yi shekaru yana yawo da sunan aro da muryar aro.

Na san a cikin masu karatu akwai waɗanda za su yamutsa fuska, su ce me ya haɗa shafin ra'ayi da mawaƙin Amurka wanda bakinsa ba ya rabuwa da ashar. Tambaya ce mai kan gado, kuma zan komo gare ta. Sai dai a tuna cewa wannan salon waƙa, da ya tsiro a unguwar Bronx ta birnin New York a 1973, ya daɗe da shigowa gidajenmu ta wayoyin 'ya'yanmu da ƙannenmu. Har suna muka raɗa masa, wanda muka aro daga 'yan gambara, masu zambo da habaici a kasuwa da wajen biki. Abin da ya zama abincin kunnen matasa kuwa, ya kamata mai tunani ya san yadda ake dafa shi.

Mu fara da garin. Compton ƙaramin birni ne a kudu da Los Anjeles, cikin jihar Kalifoniya. Kafin shekarun 1950 kusan duk mazaunansa farar fata ne, har George Bush babba, wanda daga baya ya shugabanci Amurka, ya yi ɗan zama a can da iyalinsa a wajajen 1949. Bayan Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1948 cewa kotuna ba za su ƙara tilasta yarjejeniyoyin da ke hana sayar wa baƙar fata gida ba, iyalan baƙar fata masu aiki a masana'antu suka fara mallakar gidaje a garin. Farar fata suka shiga kwashe kayansu, tarzomar Watts ta 1965 da ta ɓarke a maƙwabtaka kuma ta ƙara musu sauri. Da suka tafi, shaguna da kuɗin haraji suka bi bayansu. Daga ƙarshen shekarun 1970 masana'antun taya da na ƙarfe da na motoci da ke yankin suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. A cikin wannan giɓi ne gungun 'yan daba biyu, Crips da Bloods, suka yi ƙarfi, kuma reshen Bloods da ake kira Piru daga wani titi na Compton ya samo sunansa. Sai shekarun 1980 suka zo da wani nau'in hodar iblis mai arha da ake zuƙar hayaƙinsa, wanda ya mayar da rikicin unguwa yaƙin kasuwa da ake yi da bindiga.

A nan aka haifi Kendrick Lamar Duckworth ranar 17 ga Yunin 1987. Iyayensa baƙi ne a garin. Daga Shikago suka taso a 1984 suna matasa, saboda mahaifin ya yi nisa a harkar wani gungun 'yan daba a can, mahaifiyar kuwa ta gaya masa ya zaɓa, ko ita ko harkar. Suka hau jirgin ƙasa da ɗan guzurin da bai taka kara ya karya ba, suka sauka a Compton inda suke da 'yar'uwa. An gudu ba a tsira ba, in aka dubi halin da garin yake ciki. Suka kama aiki a shagunan sayar da abinci, suna kwana a mota da ƙananan masaukai, har suka tara kuɗin haya. Da aka haifi yaron, aka sa masa sunan Eddie Kendricks, mawaƙin ƙungiyar Temptations. Iyalin sun rayu da tallafin abinci na gwamnati da tallafin haya da ake kira Sashe na 8. A riƙe wannan suna, domin zai sake fitowa a gaba.

Yana ɗan shekara 4 tarzomar Los Anjeles ta ɓarke, a ƙarshen Afrilun 1992, bayan kotu ta wanke 'yan sandan da aka ɗauka a bidiyo suna lakaɗa wa Rodney King duka. Fiye da mutum 50 suka rasa rayukansu. Yana ɗan shekara 5 ya ga an harbe wani matashi mai sayar da ƙwaya a ƙofar gidan da suke haya. Ya sha faɗa a hirarrakinsa cewa abin da ya bambanta shi da yawancin abokan wasansa shi ne akwai uba a gidansu. Uban ba waliyyi ba ne, kuma ɗan bai taɓa ɓoye hakan ba. Amma yana nan, yana tsawatarwa, yana tambayar ina aka je, da wa aka tafi. Masu son labarin hazaƙar da ta tsiro ita kaɗai a kan dutse sukan tsallake wannan wuri, alhali shi ne harsashin ginin.

Abu na biyu da ake yawan tsallakewa shi ne in'ina. Yaron da zai zo ya shahara da sarrafa harshe, a yarinta kalma takan maƙale masa in ya ɗauki zafi ko ya tsorata, kuma ya yi fama da haka har cikin shekarun makarantarsa. Mai in'ina yakan koyi shiru, mai shiru kuma yakan koyi lura. Yana aji bakwai, daidai da ajin farko na ƙaramar sakandare a tsarinmu, wani malamin Ingilishi ya shigar da nazarin waƙa cikin darasinsa, ya sa yara su riƙa rubuta tasu. A takarda ba in'ina. Kendrick ya gano cewa abin da ya gagari baki yana iya fita ta alƙalami, kuma in an auna shi a kan ƙafar waƙa, baki ma yakan iya ɗaukarsa ba tare da tuntuɓe ba. Daga nan ya shiga cika littattafan rubutu, har mahaifinsa yana zaton aikin gida yake yi.

Kafin wannan ma akwai wani abu da ya gani wanda ya zauna masa a zuci. A 1995, yana ɗan shekara 8, Tupac Shakur da Dr. Dre suka zo Compton ɗaukar bidiyon waƙarsu mai suna "California Love". Mahaifinsa ya ɗora shi a kafaɗa don ya hango su ta saman taro. Dr. Dre ɗan garin ne, yana cikin ƙungiyar N.W.A da ta sa duniya ta san sunan Compton a ƙarshen shekarun 1980, kuma ya taɓa zama ɗalibi a makarantar Centennial, inda Kendrick zai yi sakandare daga baya. Shekara guda bayan wannan rana aka harbe Tupac a Las Vegas, ya mutu yana ɗan shekara 25. Ashe yaron ya ga fuskoki biyu na sana'ar tun kafin ya shige ta: ɗaukakar da take kawowa da kabarin da take iya haƙawa.

Yana kimanin shekara 16 ya fitar da faifansa na farko, irin wanda matasa ke haɗawa da kansu suna rabawa kyauta ko a kan kuɗi kaɗan don a san da su. Ya sa wa kansa suna K.Dot. Abokinsa Dave Free, wanda a lokacin yake gyaran kwamfuta, shi ya kai faifan ga Anthony Tiffith, mai wani ƙaramin kamfanin waƙa da ake kira Top Dawg Entertainment, wanda ɗakin ɗaukar muryarsa ke cikin wani gida a garin Carson. Tiffith ya sa yaron a gaban makirufo, ya bar shi yana zubo baituka da ka na tsawon lokaci, sannan ya ɗauke shi a 2005.

Akwai wani labari a nan da Kendrick ya adana har 2017, ya bayar a waƙar ƙarshe ta kundin DAMN., wadda ya sa wa sunan gidansu, "Duckworth". Shekaru da dama kafin haɗuwarsu, lokacin da Tiffith yake cikin harkar daba, mahaifin Kendrick yana aiki a wani shagon soyayyar kaza na KFC da ke yankin Tiffith. Sanin irin mutumin da yake hulɗa da shi ya sa yakan ƙara masa kaza da burodi kyauta duk lokacin da ya shigo. Da ranar fashi ta zo, Tiffith bai taɓa shi ba. Da ya harbe shi, da yaron ya tashi ba uba, shi kuma Tiffith da ya ƙare a gidan yari, ba kamfani ba waƙa. Mu da muka yi imani da ƙaddara ba ma buƙatar a yi mana dogon sharhi a kan wannan.

Daga 2005 zuwa 2009 shekarun koyon sana'a ne, kuma su ne aka fi mantawa da su. A kamfanin Top Dawg ba Kendrick ne ake sa wa rai ba. Jay Rock ne babban tauraro. Kendrick yakan bi shi yawon wasa, yana tsaye a gefensa a kan dandamali, yana ɗaga masa baituka, yana zuga 'yan kallo. A tsarin makaɗanmu wannan shi ne aikin ɗan amshi da na sanƙira a haɗe, kuma duk wanda ya san tarihin makaɗan fada da na jama'a ya san cewa ta wannan ƙofa da yawansu suka shigo. Yana kwana a ɗakin ɗaukar murya tare da Jay Rock da Ab-Soul, daga baya kuma da Schoolboy Q, waɗanda su huɗun suka zama ƙungiyar Black Hippy. Ya sami wata 'yar yarjejeniya da babban kamfanin Def Jam, ba ta haifar da komai ba, aka sallame shi.

A wannan zamani K.Dot ya ƙware, amma ƙwarewar mai kwaikwayo ce. In ka saurari faya-fayansa na lokacin za ka ji Jay-Z a wani wuri, ka ji Lil Wayne a wani wuri, ka ji fariya da kuɗin da ba shi da su da bindigogin da ba sana'arsa ba ce. Abin ya kai maƙura a farkon 2009, da ya fitar da faifan C4, wanda ya gina kusan gaba ɗaya a kan kiɗa da salon kundin Lil Wayne mai suna Tha Carter III, wanda ya mamaye kasuwa a 2008. Faifan bai yi tasiri ba. Dalilin a fili yake: wanda yake son jin Lil Wayne, ga Lil Wayne nan da ransa, me zai yi da inuwarsa?

Kwaikwayo ba laifi ba ne ga mai koyo. Da na gaba ake gane zurfin ruwa, kuma babu mawaƙi ko marubuci ko malamin da bai fara da maimaita abin da ya ji daga wani ba. Haɗarin yana ga wanda ya zauna a wannan mataki har ya ɗauka can ne gida. Kendrick yana ɗan shekara 22 ya fahimci cewa duk abin da yake faɗa, akwai wanda ya riga shi faɗa kuma ya fi shi iya faɗa. Abu guda ne kawai yake da shi wanda ba kowa ke da shi ba: labarin yaron da ya tashi a tsakiyar 'yan daba bai zama ɗan daba ba, wanda abokansa na Piru ne amma shi littafin rubutu yake riƙe da shi, wanda ke tsoro kuma yake jin kunyar tsoron. A kasuwar gambara ta lokacin wannan labari ba kaya ba ne, domin jarumtaka ake saye. Ya ajiye K.Dot, ya fito da wani ɗan kundi mai ɗauke da sunansa na yanka a ranar 31 ga Disambar 2009.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri, in aka gwada da shekarun da suka gabata. A Satumbar 2010 ya fitar da Overly Dedicated, kuma wata waƙa a ciki mai suna "Ignorance Is Bliss" ce ta ja hankalin Dr. Dre, mutumin da ya hango daga kafaɗar mahaifinsa shekara 15 da suka wuce. A ranar 2 ga Yulin 2011 kundinsa na farko, Section.80, ya fito ta intanet. Sunan haɗin gambiza ne na Sashe na 8, wato tallafin hayar da ya rufa wa iyalinsa asiri, da shekarun 1980 da aka haifi tsararsa, 'ya'yan zamanin Ronald Reagan da annobar ƙwaya. A makon farko kwafin da aka saya bai fi dubu biyar da 'yan ɗaruruwa ba. Amma a watan Agustan wannan shekara, a wani wasa a Los Anjeles, Snoop Dogg da Dr. Dre da The Game suka shaida a bainar jama'a cewa shi ne magajinsu a yammacin Amurka. Ya fashe da kuka a gaban taro. A 2012 ya shiga kamfanin Aftermath na Dr. Dre, ba tare da ya bar Top Dawg ba.

A ranar 22 ga Oktoban 2012 ne ya fitar da good kid, m.A.A.d city, wato yaron kirki a mahaukacin gari, kuma a nan ne amfanin ajiye sunan aro ya bayyana sosai. A jikin bangon kundin an rubuta cewa gajeren fim ne, kuma haka yake a tsari. Labari ne guda da aka rarraba a waƙoƙi: Kendrick ɗan shekara 17 ya ari motar mahaifiyarsa don ya je zance wurin wata yarinya, ya biye wa abokai aka shiga gidan mutane sata, aka tare shi aka yi masa duka, abokai suka fita ɗaukar fansa, aka kashe ɗaya daga cikinsu. A tsakanin waƙoƙin ana jin saƙonnin murya na mahaifiyarsa da mahaifinsa na gaskiya, tana neman a dawo mata da motarta don ta je karɓo tallafin abinci. A ƙarshe, yaran suna shirin sake fita da bindiga, sai wata dattijuwa ta tare su ta ja su zuwa ga addu'a da tuba.

Wurare biyu a kundin sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko waƙar "Swimming Pools", wadda kiɗanta da amshinta suka yi kama da na waƙar mashaya, har gidajen rawa suka karɓe ta hannu biyu, alhali baitukanta labarin yadda giya ta cinye danginsa ne da yadda matsin abokai ke tura yaro ga kwalba. Shi kansa an san shi da nisantar giya da ƙwaya. Na biyu ita ce doguwar waƙar nan "Sing About Me, I'm Dying of Thirst". A baitin farko ya ari bakin ɗan'uwan abokinsa da aka kashe, wanda ke roƙon kada a manta da su. A na biyu ya ari bakin 'yar'uwar wata yarinya da ya ba da labarin karuwancinta da mutuwarta a kundin Section.80, kuma abin da take yi shi ne tuhumarsa: wa ya ba shi izinin tallata asirin 'yar'uwarta a kasuwa? Mawaƙin da ya gurfanar da kansa a gaban mutanen da yake cin abinci da labarinsu ya taɓo tambayar da ke damun duk wani ɗan jarida da marubuci da mai bincike, wato mene ne haƙƙin wanda aka ba da labarinsa a kan wanda ya bayar. K.Dot ba zai taɓa iya rubuta wannan baiti ba, domin mai sanye da fuskar aro ba a iya tuhumarsa, ba shi ne a wurin ba.

Kundin ya sayar da kwafi kimanin 242,000 a makon farko, ya hau mataki na biyu a jadawalin Billboard, ya kuma shafe fiye da shekara 10 a jere bai fita daga cikin kundaye 200 da ke kan gaba ba. A bikin Grammy na Janairun 2014 an sa sunansa a rukuni bakwai, ya koma gida hannu rabbana. Macklemore, wanda ya lashe rukunin kundin gambara, ya aika masa saƙon ban haƙuri yana cewa shi ya fi cancanta, ya kuma wallafa saƙon a intanet. A wannan shekarar ce wani malami a wata jami'a ta jihar Jojiya ya sa kundin cikin manhajar darasinsa tare da ayyukan James Joyce da James Baldwin da Gwendolyn Brooks. Sauran labarin, daga To Pimp a Butterfly na 2015 zuwa Pulitzer, gini ne a kan wannan harsashi.

Yanzu mu koma ga mai yamutsa fuska. Gaskiya ne waƙoƙin Kendrick cike suke da ashar, kuma akwai baituka a cikinsu da ke ambaton mata da kalmomin da ba mai mutunci da zai so a kira 'yarsa da su. Cewa harshen titin Compton ke nan bayani ne, bai zama wanki ba. Ban ce uba ya kunna wa 'ya'yansa su a falo ba. Amma mai nazari yana iya rarrabe tsakuwa da tsaba. Mun daɗe muna nazarin zambon makaɗanmu a jami'o'i, da waƙoƙin 'yan gambara na asali waɗanda su ma ba a maimaita wasu baitukansu a gaban surukai, kuma ba mu ce don haka babu fasaha ko tarihi a cikinsu ba.

Akwai kuma gargaɗi na biyu da ya fi wannan muhimmanci. Labarin wanda ya tsira yakan rufe labarin waɗanda ruwa ya ci. Yaran da suka rubuta baituka a Compton a zamanin Kendrick suna da yawa, kuma ba a san sunan mafi yawansu ba. Wasu suna kurkuku, wasu suna kabari. Duk matashin da ya karanta wannan tarihi ya ɗauka cewa talauci da tashin hankali su ne makarantar fasaha, ya karanta shi a juye. Abubuwan da suka fitar da Kendrick su ne waɗanda suka yi tsayayya da Compton: uba a gida, uwa mai neman motarta, malamin da ya kawo waƙa aji, ɗakin da aka bar shi ya kwana yana aiki maimakon ya kwana a titi, da kimanin shekara 9 na haƙuri tsakanin faifan farko da kundin da ya fito da shi duniya.

Ina wannan ya shafe mu? Gambarar zamani da harshen Hausa ta riga ta kafu. Mawaƙa irin su ClassiQ da Morell da DJ AB sun nuna cewa harshen yana ɗaukar wannan kiɗa ba tare da ya karye ba, kuma bayansu akwai ɗimbin matasa a Kano da Kaduna da Jos da Zinder da ke haɗa waƙa a ƙananan ɗakunan ɗaukar murya. Da yawa daga cikin waɗannan masu tasowa suna matakin C4. Za ka ji yaron da bai taɓa fita daga unguwarsu ba yana waƙar motocin da bai taɓa shiga ba, da karin harshen da ya kwaso daga bidiyo. Wannan mataki ne, ba abin dariya ba ne. Abin tambaya shi ne ko zai wuce shi. A ƙofar gidansu akwai ɗan adaidaita sahu da ke biyan balas kullum ko ya samu ko bai samu ba, akwai almajirin da ya girma bai san hanyar garinsu ba, akwai ɗalibin da yajin aiki ya mayar masa da karatun shekara huɗu ya zama shida, akwai abokin da maganin tari ya haukata. Ɗan Maraya Jos, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya ga waƙa a rayuwar karen mota tun kafin a haifi hip-hop ɗin da muke magana a kai. Kayan aikin suna nan zube, mai ɗauka ake jira.

Maganar kuma ba ta tsaya ga mawaƙa ba. Duk malamin da ke duba rubutun ɗalibai ya san irin takardar da aka cika da manyan kalmomi da ra'ayoyin da aka kwaso daga littattafan wasu ƙasashe, wadda za ka karanta daga farko har ƙarshe ba ka gamu da mai rubutun ba, ba ka kuma gamu da garin da ya yi binciken a cikinsa ba. Ɗalibin yana tsoron cewa abin da ya gani da idonsa bai kai a rubuta ba. Tsoron da ya riƙe K.Dot ke nan shekara da shekaru. Aikinmu, malamai da iyaye, shi ne mu bar mai koyo ya yi kwaikwayonsa a lokacin da ya dace, sannan mu matsa masa ya ajiye shi in lokaci ya yi, mu tambaye shi abin da shi ya gani, da abin da shi ya sani wanda littafin bai sani ba.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Kendrick Lamar ya yi shekaru yana jan rigar wasu don ta rufe shi, ba ta kai ba. Da ya koma ga tasa, mai faci da tabon unguwa, ita ce ta kai shi inda masu rigunan da ya ara ba su kai ba. Matashin da ke riƙe da alƙalami ko makirufo a yau, ya duba abin da ke jikinsa, ya tambayi kansa na wane ne.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.